Tiyatar Gwiwa Da Kyamara: Haɗurran Da Ya Kamata A Sani Kafin A Sa Hannu

Masu bibiyar ƙwallon ƙafa ba za su manta da abin da ya faru a Gasar Cin Kofin Duniya ta 2014 a Birazil ba. Ranar 22 ga Mayu aka yi wa ɗan wasan Yurugai, Luis Suarez, tiyata a gwiwarsa ta hagu. Ranar 19 ga Yuni, ko wata guda ba a cika ba, ya shiga fili ya zura wa Ingila ƙwallo biyu. Shekara shida bayan haka, a Nuwamban 2020, matashin ɗan wasan Barcelona, Ansu Fati, ya yage irin wannan guringuntsi a tasa gwiwar lokacin wasa da Real Betis. Kulob ɗinsa ya ce jinyar wata huɗu zai yi. Sai gwiwa ta ƙi, aka yi ta komawa da shi ɗakin tiyata, bai sake buga wasa ba sai ƙarshen Satumban 2021.

Dukkansu biyu sun samu ƙwararrun likitocin da kuɗi ke iya samarwa, amma sakamakon ya sha bamban. Wannan tiyata yanzu ana yin ta a Najeriya, a manyan asibitocin ƙashi da na koyarwa da wasu masu zaman kansu, wasu kuma kan tafi Indiya ko Masar dominta. Da yake raunin da take bari bai fi faɗin farce ba, kuma sau da yawa ana sallamar mutum a ranar ko washegari, jama'a kan ɗauke ta ƙaramin aiki. Gaskiya ne haɗarinta ba shi da yawa, amma akwai shi. Tambayar da ya kamata mara lafiya da iyalansa su tsaya a kai ita ce: irin ciwon da ke gwiwar nan ya kai a ɗauki wannan haɗari dominsa?

Mene ne gammon gwiwa?

A cikin gwiwa, ƙashin cinya yana zaune ne a kan ƙashin ƙwauri. Tsakaninsu akwai wasu guringuntsi guda biyu masu siffar jinjirin wata, ɗaya ta ɓangaren ciki, ɗaya ta waje. Likitoci na kiran kowannensu miniskos. Aikinsa ya yi kama da na gammon da mai tallar ruwa ke ɗorawa a ka: yana raba nauyi, yana hana ƙashi gugar ƙashi, yana kuma taimaka wa gwiwa ta zauna daram. Shi ya sa a wannan rubutu za mu kira shi gammon gwiwa.

Jini ba ya isa ko'ina a jikin wannan gammo. Gefensa na waje, kimanin kashi ɗaya cikin uku, shi ne ke samun jini, don haka idan a nan ya yage yana iya haɗewa. Sauran ɓangaren na ciki ba ya samun jini sosai, yagewar da ta auku a can da wuya ta warke ko da an ɗinke.

Yagewar kuma iri biyu ce. Akwai ta farat ɗaya, wadda kan sami matashi a filin ƙwallo ko a haɗarin babur, inda ƙafa ke kafe a ƙasa jiki ya murɗe. Akwai kuma ta tsufa, wadda ke zuwa a hankali daga wajen shekara 40 zuwa sama, gammon ya saki ya tsattsage kamar tsohuwar tabarma, wani lokaci ba tare da mutum ya faɗi ko ya bugu ba. Sanin bambancin nan shi ne kan gaba a duk shawarar da za a yanke.

Yadda ake yin aikin

Likitocin Japan ne suka buɗe wannan hanya. A 1918 Kenji Takagi ya fara leƙa cikin gwiwar gawa da na'ura, ɗalibinsa Masaki Watanabe kuma ya yanke yagaggen gammo ta wannan hanya a 1962. A yau, bayan an yi wa mutum allurar baya da ke kashe rabin jiki, ko an sa shi barci gaba ɗaya, likita kan huda ƙofofi biyu ko uku a gaban gwiwa. Ta ɗaya ake zura kyamara mai kaurin fensir, ta ɗayar kuma kayan aiki. Ana cika gwiwar da ruwan gishiri na asibiti don a ga ciki sosai a allo, sau da yawa kuma akan ɗaure cinya tamau don rage zubar jini. Yawanci aikin ba ya wuce awa guda.

Abu biyu likita kan yi. Ko dai ya datse ɓangaren da ya yage ya bar mai kyau, ko ya ɗinke yagewar. Wanda aka datse wa kan taka ƙafa cikin kwana ɗaya ko biyu, ya koma harkokinsa cikin 'yan makonni. Wanda aka ɗinke wa kan yi mako huɗu zuwa shida da sandunan dogarawa, kuma sai bayan wata huɗu zuwa shida ake barin sa ya koma wasa. Datsewa ta fi saurin warkewa amma tana rage gammon har abada. Ɗinki yana ceton gammon amma yana cin lokaci, kuma yana iya warwarewa.

Haɗarin a alƙalumma

A 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa binciken da masana daga Jami'ar Oxford suka yi a kan aikin datse gammon gwiwa guda 699,965 da aka yi a Ingila daga 1997 zuwa 2017. Cikin kwana 90 bayan aiki, an samu babbar matsala a 2,218, wato kimanin 3 cikin kowane 1,000. Daga ciki, 944 ƙwayoyin cuta ne suka shiga gwiwar har sai da aka sake tiyata, 546 kuma gudan jini ne ya toshe jijiyar huhu. Binciken ya kuma nuna cewa haɗarin na ƙaruwa da yawan shekaru da kuma wasu cututtukan da mutum ke ɗauke da su.

Uku cikin dubu ba abin tayar da hankali ba ne, kuma wannan lissafi na manyan matsaloli ne kawai, ban da ƙananan da suka fi yawa. Sai dai wanda abin ya faɗa wa, lissafi ba ya rage masa zafi. Ga matsalolin ɗaya bayan ɗaya.

Shigar ƙwayoyin cuta. Idan a fatar ƙofar kawai suka tsaya, maganin kashe ƙwayoyin cuta kan wadatar. Idan suka shiga cikin gaɓar, abin gaggawa ne, domin mugunya na iya cinye guringuntsin da ke lulluɓe da kan ƙashi cikin 'yan kwanaki, shi kuma ba ya sake tsirowa. Alamunta kan bayyana daga 'yan kwanaki zuwa makonni: ciwon da ya fara sauƙi ya dawo da ƙarfi, gwiwa ta kumbura ta ɗau zafi, zazzaɓi, ko ruwa ya riƙa fita daga ƙofar. Maganinta shi ne a koma ɗakin tiyata a wanke gaɓar, sannan a yi makonni ana shan magani ko karɓar allura. Sayen kafso a kemis a irin wannan hali ɓoye alamun yake yi, cutar na ci gaba da ɓarna.

Daskarewar jini. Ɗaurin cinya da rashin motsa ƙafa kan sa jini ya yi nauyin gudu a manyan jijiyoyin sha-raɓa har ya yi guda. Mutum zai ji sha-raɓarsa ta kumbura, ta yi tauri, tana ciwo. Babban tsoro shi ne gudan ya ɓalle ya bi jini zuwa huhu. Idan wanda aka yi wa aikin gwiwa ya fara haki ba dalili, ko ciwon ƙirji, ko tarin jini, ko ya yanke jiki ya faɗi, a garzaya da shi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Kuma kada a kuskura a murza ko a yi tausa a sha-raɓar da ta kumbura.

Taruwar jini a gwiwa. Ɗan kumburi bayan aiki ba abin mamaki ba ne. Amma idan gwiwa ta cika tam cikin 'yan awoyi tana zugi, wataƙila jini ne ya taru, likita na iya zuƙe shi da allura. Masu shan asfirin ko wasu magungunan tsinka jini sun fi fuskantar wannan. Yankewar babbar jijiyar jini da ke bayan gwiwa abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, alamarsa ita ce ƙafa ta yi sanyi, ta canja launi.

Taɓuwar jijiyoyin ji da motsi. Wasu siraran jijiyoyi na bi ta ƙarƙashin fatar gaban gwiwa, daidai inda ake huda ƙofa. Idan aka taɓa su, wani yanki na fatar kan mutu, ba a jin taɓi, ko ya riƙa tsikari. Galibi yana raguwa cikin watanni, wani lokaci ya zauna, kuma mai yawan durƙuso ya fi jin damuwarsa. Wanda ya fi wannan muni shi ne taɓuwar jijiyar da ke zagaye gefen gwiwa na waje, musamman wajen ɗinkin gammon waje, domin ita ce ke ɗaga tafin ƙafa. Idan ta lalace mutum kan riƙa jan ƙafa.

Ƙagewar gwiwa. Gwiwar da aka bari ba motsi tabo kan cika ta, ta ƙi miƙewa ko ta ƙi lanƙwashewa. Wannan ya fi samun wanda ya ji tsoron ciwo ya kwanta, ya ƙi zuwa sashen gashin ƙashi. Wani lokaci sai an sake sa mutum barci an lanƙwasa ta, ko an shiga an yanke tabon.

Warwarewar ɗinki. Nazarin da aka yi kan waɗanda aka bibiya fiye da shekara biyar ya nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar na ɗinkin gammo ba ya ɗorewa, a ƙarshe sai an sake aiki. Gaggawar komawa wasa ko tsuguno tun ɗinki bai kama ba na daga cikin abubuwan da ke jawo haka.

Maganin kashe jiki ma yana da nasa: ciwon kai mai tsanani bayan allurar baya, wanda ke ƙaruwa idan an tashi zaune, da amai, da kasa fitsari na ɗan lokaci.

Abin da ke zuwa bayan shekaru

Akwai haɗarin da ba a ganinsa a makon farko ko a shekarar farko. Tun 1948 wani likitan ƙashi ɗan Birtaniya mai suna Fairbank ya nuna a hotunan ƙashi cewa gwiwar da aka cire wa gammo gaba ɗaya tana fara zaizayewa, sararin da ke tsakanin ƙasusuwan ya riƙa tsukewa. Dalilin a fili yake: nauyin da gammo ke rabawa ya koma kan ɗan ƙaramin wuri. Wannan ne ya sa likitoci suka bar cire shi duka, suka koma datse kaɗan. Duk da haka, gwargwadon abin da aka datse, gwargwadon yadda haɗarin amosanin gaɓa ke ƙaruwa. Ɗan shekara 22 da aka datse wa rabin gammo zai yi shekaru masu yawa yana taka wannan gwiwa, shi ya sa likitoci kan fi son ɗinki ga matasa matuƙar yagewar za ta ɗinku.

Wa aikin ke amfana?

A ɗauki misalin mutum biyu. Na farko matashi ne da ya murɗe gwiwa a filin unguwa, ya ji ƙas, ta kumbura, tun ranar kuma ta ƙi miƙewa gaba ɗaya, kamar an sa dutse a maƙogwaron ƙofa. Wannan alama ce ta cewa yagaggen ɓangaren ya naɗe ya shiga tsakanin ƙasusuwa. A nan aikin na da amfani ƙwarai, kuma jinkiri na iya sa abin da zai ɗinku ya lalace. Na biyu ɗan kasuwa ne mai shekara 55 a Mile 12 ko Sabon Ibadan, wanda gwiwa ta yi wata takwas tana damunsa wajen hawa bene da tashi daga zama. Ya yi hoton MRI, takarda ta fito an rubuta gammo ya yage. Shi da iyalansa sai su ɗauka an gano ɓarawon.

Ba lallai ba ne. A 2008 an wallafa wani bincike da aka yi a garin Framingham na Amurka, inda aka ɗauki hoton gwiwar mutum 991 masu shekara 50 zuwa 90 ba tare da la'akari da ko suna ciwo ba. An samu yagewa ko lalacewar gammo a kashi 19 cikin 100 na mata masu shekara 50 zuwa 59, har zuwa kashi 56 na maza masu 70 zuwa 90. Kashi 61 na waɗanda aka ga yagewar a gwiwarsu ba su yi wani ciwo ba a watan da ya gabata. Wato ga manya, yagewar gammo a hoto kamar furfura ce a ka, ganinta ba ya nufin ita ce ke kawo ciwon.

A 2013 likitocin ƙasar Finlan suka yi wani gwaji da ya girgiza masu wannan sana'a. Sun ɗauki mutum 146 masu shekara 35 zuwa 65 da ke da yagewar tsufa, da yardarsu aka raba su biyu. An datse wa rukuni ɗaya gammo. Ɗaya rukunin an huda ƙofa, an leƙa, an kwaikwayi aikin, amma ba a datse komai ba, kuma babu wanda ya san rukunin da ya faɗa. Bayan shekara guda dukkansu sun samu sauƙi, kuma babu wani bambancin kirki a tsakaninsu. A shekarar dai, wani gwaji a Amurka kan mutum 351 ya kwatanta tiyata da gashin ƙashi, sakamakon ya zo kusan ɗaya bayan wata shida, ko da yake kimanin kashi 30 cikin 100 na masu gashin sun koma an yi musu tiyatar. A 2017 kwamitin masana da mujallar BMJ ta haɗa ya ba da shawara mai ƙarfi cewa kada a yi wannan aiki ga kusan duk mai ciwon gwiwa na zaizayewar tsufa.

Ma'anar wannan ga ɗan kasuwar nan ita ce ya fara da motsa jiki na ƙarfafa naman cinya a hannun ƙwararren mai gashin ƙashi na tsawon wata uku ko fiye, ya rage ƙiba idan akwai, ya sha maganin ciwo bisa umarnin likita. Idan bai samu sauƙi ba, ƙofar tiyata na nan a buɗe. Abin da aka datse kuwa ba ya dawowa.

Waɗanda ya kamata su ƙara hattara

Mai ciwon suga da bai daidaita ba ya fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta. Taba na hana rauni da ɗinki kamawa, tana kuma ƙara haɗarin daskarewar jini. Haka ƙiba, da tarihin daskarewar jini ga mutum ko danginsa, da wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa. Mai sikila ya sanar da likita tun farko, domin ɗaurin cinya na iya tayar masa da ciwo. Wanda aka yi wa allurar rage kumburi a cikin gwiwa a makonnin baya shi ma ya faɗa. Kada a ɓoye haɗin maganin sanyin ƙashi na kemis ko na gargajiya da ake sha, domin wasu na tsinka jini, wasu na raunana garkuwar jiki. Idan an je wajen mai ɗori an yi tsaga ko an shafa wani abu da ya ƙona fata, sai fatar ta warke sarai kafin a huda ta.

Bayan an dawo gida

A nan aikin iyali yake. Da yawa daga cikin mutanenmu mazauna Kudu, da zarar an sallame su daga asibiti irin na Igbobi a Legas ko na Inugu, sai hankali ya koma gida Arewa don a yi jinya cikin dangi. Zaman mota na yini da kwana da ƙafa a naɗe, kwanaki kaɗan bayan aikin gwiwa, gayyatar daskarewar jini ne. Haka doguwar tafiya a jirgi ga wanda ya yi aikin a ƙasar waje. A tambayi likita ranar da tafiya ta halatta, kuma a san asibitin da za a nufa idan matsala ta taso a can, kamar na Dala a Kano.

A riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa tun ranar farko, a ɗaga ƙafa a kan filo, a sa ƙanƙara a naɗe cikin tawul, a kiyaye bandeji daga ruwa wajen wanka da alwala. Wanda aka yi wa ɗinki akan hana shi cikakken tsuguno na wata uku zuwa huɗu, don haka tun kafin ranar aiki a tanadi kujerar bayan gida idan masan tsuguno ne a gidan, da kujerar da zai yi sallah a kai har likita ya ba shi izinin durƙuso da zaman tahiya. Kuɗin gashin ƙashi kuma a sa shi cikin lissafi tun farko, kada a ƙarar da komai a kan tiyata a rasa na abin da zai sa ta yi amfani.

Tambayoyi kafin sa hannu

Mara lafiya na da haƙƙin ya tambaya, kuma likitan kirki ba ya jin haushin tambaya. Yagewar nan ta rauni ce ko ta tsufa? Akwai zaizayewar gaɓa a hoton ƙashin da aka ɗauka ina tsaye? Datsewa za a yi ko ɗinki, kuma nawa za a bari? Me zai faru idan na yi wata uku ina gashi tukuna? Sau nawa likita ke yin irin wannan aiki? Wa zan kira idan gwiwa ta kumbura da dare? Idan amsoshin ba su kwanta a rai ba, babu laifi a nemi ra'ayin wani likitan ƙashi na biyu, a tafi masa da hotunan. In ban da gwiwar da ta kulle ko ta ji babban rauni, mako biyu ko uku na tunani ba zai ɓata komai ba.